Shaidar Inna a Gaban Alƙalai

Ana sallame sallar asuba muka ja ƙofar gidanmu a Garwa, ni da maigidana, gari bai gama wayewa ba. Yara tun jiya na kai su wajen yayata. Kayanmu akwati biyu ne da kwalin tsaraba, kilishi da man shanu da kuka, sai wata baƙar jaka mai nauyin tsiya da ya hana kowa taɓawa, wadda takardunsa ke ciki. Ku da kuke bibiyata a wannan shafi kun yi ta tambaya ina na shiga kwana biyu. Duwala na je, kuma ga yadda aka yi.

Maigidana alƙali ne. Ba irin na littattafan da na tashi ina karantawa ba, mai dogon hanci da mota mai numfashi, wanda kallo ɗaya yake yi wa yarinya ta kasa barci. Nawa mutum ne mai shiru, mai gilashi, wanda idan yana so ya ce na yi kyau sai ya ce atamfar nan ba ta da laifi. An kira shi kwas na ƙarin ilimi da ake yi wa alƙalai lokaci-lokaci, don kada abin da suka karanta tun suna samari ya tsufa a kansu, duniya ta wuce ta bar su. Amma wannan karon akwai abin da ya fi kwas ɗin. An ce a ƙarshe za a zaɓi kaɗan daga cikin mahalarta su zama masu horar da 'yan uwansu, kuma duk wanda aka zaɓa Duwala za a mayar da shi da aiki. A Duwala aka haife shi, a unguwar New Bell. Can mahaifiyarsa, Inna, take, tsufa ya kama ta, idonta ya fara hazo, kuma ta ce ba za ta bar garin da aka binne mijinta ba. Ya nemi canjin wurin aiki har ya gaji, shiru kake ji. Wannan ce ƙofar da ta rage masa, kuma ko bai faɗa ba na san ita ce ke hana shi barci.

Muka shiga motar haya, muka haye gadar Binuwai rana na fitowa, ruwa ya cika har bakin gonaki tunda damina ce. Daga nan sai kore ko'ina, masara da auduga, da shanu farare suna tsallaka titi ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma ramukan sun isa a yi wa yaro wanka. A tsakiyar daji birai suka fito gefen kwalta suna kallonmu kamar jandarmomi. Da muka fara hawan dutsen nan na kafin Ngaundere, manyan motoci na nishi a gabanmu, gajimare na ƙasa da mu, sanyi ya shigo ta taga, sai zuciyata ta ce yanzu ne lokacin da a littafi mace ke jingina kanta a kafaɗar mijinta. Kafin in gama shawara wata tsohuwar Bafillatana da ke ɗaya gefen ta riga ni, ta ɗora nata kan a kafaɗata ta yi barcinta har cikin gari.

A Ngaundere muka shiga jirgin ƙasa da yamma. Duk tashar da ya tsaya mata ne ke zuwa gindin taga da zuma da ayaba da fiya, suna kiran kayansu da waƙa, kuma araha har kana jin kunyar tayawa. Na sayi zuma kwalba guda, na sa a kwalin Inna. Shi kuwa tun da ya zauna ya buɗe baƙar jakarsa bai ɗago kai ba. Da gari ya waye na leƙa, na tarar an canza mana ƙasa. Babu sarari, babu tazara, sai bishiyoyi dogaye sun haɗa kai, da jar ƙasa, da hayaƙi na tashi daga rufin kwano. A Yawunde muka bar jirgi muka hau bas. Muka wuce kogin Sanaga a Edeya, ruwan ja kamar shayi da madara, masu talla na cusa mana rogon nan da ake naɗewa a ganye da gasasshen safu, wani ɗan itace mai tsami-tsami. Da muka haye Dibamba ya nuna mini babban filin ƙwallon Japoma can gefe, ya ce lokacin da ya bar garin nan duk wurin daji ne. Wannan ce maganarsa mafi tsawo tun daga Garwa.

Duwala ba ta yi mana sallama da komai ba sai zafi mai danshi da ke manne wa mutum kamar rigar leda, da 'yan acaɓa da a nan ake kira bensikin, waɗanda ba su san hannun dama ko na hagu ba. Direban tasinmu mai surutu ne. Da ya ji aikin maigidana, ya kuma ji inda za mu, sai ya yi dariya har yana dukan sitiyari, don babban gidan yarin garin a New Bell yake. Ya ce yau dai ga alƙali da kansa an kawo shi New Bell, kuma shi aka ba aikin.

Unguwar Hausawa ta New Bell sai wanda ya gani. Lunguna matsattsu, kwatami a buɗe da katako a kai, gidan bene kusa da gidan katako, teloli na ta ɗinki a baranda, ƙamshin nama a kan wuta da turaren wuta da kifi duk sun gauraye. Ka rufe ido ka ji kiran sallah da masu goro, ka rantse kana cikin Kano. Ka buɗe ka ga bishiyar kwakwa da ruwan sama da ba ya gajiya. Kakannin mutanen nan fatauci ya kawo su daga arewacin Najeriya, goro da shanu, suka zauna suka hayayyafa. Jikokinsu yanzu wasu na kasuwa, wasu na ofis da Faransanci a baki kamar a Faransa aka yanke musu cibiya. Hausarsu mai daɗi ce, tana tafiya tana tsintar kalmomi a hanya. Za ka ji mace ta ce za ta je marshe, wato kasuwa, ta dawo, ko ka yi tuntuɓe wani ya ce maka ashiya maimakon sannu.

Ƙanwar maigidana, autar gidan, ita ta tare mu a ƙofa. Aure take a Bepanda, tana aiki a wani ofis a tashar jiragen ruwa, amma kullum in ta tashi sai ta biyo ta duba Inna. Ko sallama ba ta bari na gama ba.

"Amaryarmu ta arewa, haka kika ramar mana da shi? Wai girki kike yi a gidan nan ko karatun soyayya?"

Na ce, "Yadda kuka ba ni shi haka na dawo muku da shi. Ko kiba kuka haɗo mini da ita na ɓatar a hanya?"

Inna na zaune a kan darduma a tsakar gida, 'yar ƙarama, fara tas da furfura. Na durƙusa, ta kamo hannuna ta shafa fuskata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyayena da gajiyar hanya, ta sa mini albarka har idona ya kawo ruwa. Maigidana ya cire takalmi ya tsuguna can nesa ya gaishe ta. Ta juya fuskarta wajen bango ta ce, "Lafiya lau," ta ci gaba da yi mini magana. Ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido cikin ido ba, kakarsa ce ta goya shi. Amma da aka kawo abinci na ga tuwon shinkafa da miyar taushe ne, abin da ya fi so a duniya, a garin da kabewa sai an sha wahala ake samun mai kyau. Ta ce wa Auta, "Ki miƙa wa yaron nan, kada ya huce."

Shi masauki aka ba su kusa da wurin kwas, a unguwar ofisoshi ta Bonanjo, ni na zauna wajen Inna. Da la'asar yake zuwa in sun tashi, kuma gara da bai kwana ba, don maƙwabta sun ji alƙali ya zo. Mai rigimar fili, mai rigimar haya, wanda akuyarsa ta ci kayan wani, duk suka riƙa zuwa gaisuwa da ba ta ƙarewa. Shi kuma amsarsa ɗaya ce, ba ya shari'a a zaure.

Ni ce na fi kowa jin daɗin labarin kwas ɗin. Manyan mutane masu furfura, waɗanda in sun shigo kotu kowa ke miƙewa, ga su a kan kujerun ɗalibai suna ɗaga hannu kafin su yi magana. Ana koya musu yadda za su karɓi saƙon waya a matsayin hujja, da yadda ake gane hoton da aka yi wa kwaskwarima, da yadda ake sauraron ƙaramin yaro ba tare da an firgita shi ba. Maigidana ya ce akwai wani dattijo da ya shafe safiya guda yana faɗa da kwamfuta, a ƙarshe ya ce da a kotunsa take da ya ɗaure ta. Shugabar kwas ɗin wata tsohuwar mai shari'a ce da ta yi ritaya, 'yar Duwala, ba ta dariya da wuri, kuma ita ce mai babbar murya wajen zaɓen.

Ran nan ya shigo fuskarsa ba daɗi. Na bi shi ɗakin baƙi da ruwa, da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Wani matashin malami da ya yi karatu a waje ne ya koyar da su yadda ake auna mai ba da shaida. Ya ce shaidan da ke sunkuyar da kai ya ƙi kallon alƙali, ko yake kauce wa ambaton suna, ko yake zagaye-zagaye, a yi hattara da shi, akwai abin da yake ɓoyewa. Maigidana ya ɗaga hannu ya ce a wajenmu wannan siffar mutumin kirki ce, kuma ya sha ganin yadda ake kuskuren fahimtar matanmu a kotu saboda kunya. Aka yi masa dariya. Wani ya ce wannan al'adar kakanni ce, yanzu kowa na da waya, an daina. Shugabar ba ta yi dariya ba, ta ce kowane mai neman zama malami zai gabatar da darasi kafin a rufe, to ya zo da nasa a kan wannan, amma ya zo da hujja, don ita ba ta sayen labari.

Ya kwana biyu yana rubutu. Ranar Lahadi ya fitar da ni bakin kogin Wuri da yamma, muka zauna inda mata ke gasa kifi, aka kawo mana wani ƙato da yaji da soyayyiyar ayaba. Rana na faɗuwa a bayan gadar Bonaberi, jiragen ruwa sun kunna fitilu, iska na kaɗa mayafina. Na ce a raina yau kam littafi ya tabbata. Sai ya zaro takardu ya ce in saurara. Ya karanta mini darasin tun daga farko, da sashe kaza na doka kaza, da ra'ayin masana. Allah ya sani ina ƙaunar bawan Allahn nan, amma kifina ya huce, idona ya yi nauyi.

Ya ce, "Yaya kika ji?"

Na ce, "Kamar takardar cikin kwalin magani. Duk gaskiya ce, amma ba mai karantawa."

Na ce masa ni ban san doka ba, amma na san littafi. Marubuciyar da ta iya ba ta cewa wance tana son wane, nuna maka take yi har ka ji a jikinka. In yana so su yarda, ya kai musu Inna su yi mata tambayoyi da kansu. Ya dube ni kamar na ce ya shiga kogin. Ya ce uwarsa ba abin nuni ba ce, kuma ko da zai yarda, da wane baki zai tunkare ta? Na ce bakin ba nasa ba ne, ya bar mana.

Ni ma ɗin ba ni da bakin, suruka ce. Auta na samu a kicin washegari, ita kuma ta zauna kusa da Inna tana matsa mata ƙafa, ta warware mata komai, har da cewa in abin ya yi kyau za a dawo da maigidana gida. Ina daga bakin ƙofa ina tsince shinkafa, kunnena na wajensu. Inna ta daɗe tana jan carbi.

"Ƙarya za a ce in yi?"

"A'a Inna, yadda kika saba magana haka za ki yi."

"To ni ba don kowa zan je ba. Na daɗe ban je bakin ruwa ba, in an gama ku kai ni."

Maigidana ya je ya sanar da shugabar ko wace ce zai kawo, don kada a ce ya yi wa abokan aikinsa dabara. Ta amince, da sharaɗin in tsohuwa ta nuna gajiya a tsaya nan take. Sauran alƙalan dai an ce musu wata dattijuwa ce daga unguwa.

Ranar da za a yi, ruwa ya kwana yana zuba, lungunmu ya zama rafi. Wani maƙwabci ya shimfiɗa katako har bakin titi, muka riƙo Inna ni da Auta, tana sanye da farin leshi da farin mayafi, ƙamshin turarenta na tashi. Muka shiga tasi. Tsorona biyu ne. Kada wani ya ɗaga mata murya ranta ya ɓaci, maigidana ba zai yafe wa kansa ba, ni ma ba zai manta ni na kawo shawarar ba. Kada kuma su ce wasan kwaikwayo ne aka shirya.

Zauren babba ne, sanyin na'ura kamar Ngaundere. Ni aka ba ni kujera can baya. Maigidana ya tsaya ba takarda a hannunsa, ya ce a ɗauka shari'ar gado ce, mijin wannan baiwar Allah ya rasu, kotu na son sanin magada. Ya roƙi alƙalai uku su hau tebur su tambaye ta, Auta na fassara. Matashin malamin nan ma ya ce zai shiga cikinsu.

Suka fara da ladabi, ba zan ci haƙƙinsu ba. Aka tambaye ta sunan mijinta. Ta ce Malam. Aka ce sunansa na yanka ake so. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Maigidan ne dai." Na ga alƙalan sun dubi juna, biro ya fara aiki. Aka ce 'ya'ya nawa ta haifa. Ta ce 'ya'ya na Allah ne, ba a ƙirga su. Aka ce to ta faɗi sunayensu. Ta fara daga na biyu, ta bi su tiryan-tiryan har kan Auta, ta tsaya. Aka ce shi ke nan? Ta gyara mayafinta, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sai matashin malamin ya nuna maigidana ya ce ta san wannan mutumin? Inna ta juya fuskarta gaba ɗaya wajen taga.

"Ina dai ganinsa."

Suka haɗa kai suka yi shawara, babbansu ya bayyana abin da suka gani. Ya ce shaidar ba ta da ƙarfi, tana kauce wa tambaya, ta ƙi faɗin sunan mijin da ta ce ta zauna da shi, don haka auren ma sai an bincika. Magada su ne waɗanda ta lissafa. Mutumin da aka nuna mata kuwa, da alama tsoronsa take ji ko akwai gaba a tsakaninsu. Zauren ya gyaɗa kai.

Maigidana ya cire gilashinsa. Na san shi, in ya yi haka zuciyarsa ce ta cika. Da Faransanci ya yi maganar, a hankali. Ya ce wannan ita ce ta haife shi, shi ne ɗanta na fari, kuma da wannan hukuncin na gaske ne da yau ba shi da gado a gidan ubansa, uwarsa kuma an sa wa aurenta alamar tambaya. Ya ce ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma su ma ba su yi mugunta ba, tambayar ce ba a yi ta yadda za ta iya amsawa ba.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ya ce ba kawo ta ya yi don ya kunyata kowa ba, hanya yake so ya nuna. Sunan miji, a sa wani ɗan uwa ya faɗa, ita ta tabbatar. Maganar 'ya'ya, a bi ta gefe. Ya roƙi matashin malamin ya sake gwadawa, ya gaya masa yadda zai tambaya. Malamin ya sauko daga kan tebur, ya ja kujera kusa da ita, ya rage murya.

"Mama, kafin wanda kika fara ambata, an yi wata haihuwar?"

"An yi."

"Yana raye?"

"Alhamdu lillahi."

"Yana ina yanzu?"

Inna ta yi ɗan murmushi, fuskarta har yanzu na wajen taga.

"Yana jin ku."

Auta ta fassara. Ban san wanda ya fara tafi ba, na dai ga alƙalai sun miƙe tsaye, su da ake miƙe wa. Sai wanda ya ce an daina al'adar ya ɗaga hannu, ya ce ya yarda, amma wannan tsohuwa ce, matan yanzu fa? Shugabar ta leƙo ta saman gilashinta har inda nake, ta ce an gaya mata matar mai gabatarwa na nan, kuma ta yi makaranta. Ta ce, "Madam, yaya sunan mijinki?" Ni da na yi lise, wato sakandare, ni da ke rubutu a waya kullum dubban mutane na karantawa, wallahi ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuskata ba. Zauren ya fashe da dariya, har ita shugabar da aka ce ba ta dariya.

Daga nan darasin ya zama na kowa. Wannan ya ce a garinsu mai takaba ba ta miƙa hannu a gaisa, ya taɓa ɗauka raini ne. Waccan ta ce a wajensu yaro ba ya musa wa babba a gaban mutane ko da ya san ba haka aka yi ba. Lokacin da aka ba maigidana ya ƙare, ba wanda ya duba agogo. Matashin malamin ya zo ya durƙusa gaban Inna, ya ce zai gyara darasinsa, ta sa masa albarka da Hausa shi kuma yana ta cewa amin ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ba.

Muka cika mata alkawari, muka kai ta bakin Wuri. Ruwa ya ɗauke. Ba na jin ta ga wani abu sosai, ta dai tsaya tana shaƙar iska, ta ce warin kifin nan bai canza ba tun tana amarya. Maigidana na tsaye nesa da mu, hannayensa a baya, kamar mai gadi.

Aka rufe kwas ba a faɗi waɗanda aka zaɓa ba, aka ce sai an kai sunaye sama. Na shiga kasuwa na yi tsarabar yara, na sayi atamfa da busasshen jatan lande da Auta ta rantse miya ba ta daɗi sai da shi. Muka yi sallama. Inna ta riƙe ni ta daɗe tana addu'a, shi kuma ta ce masa Allah ya kiyaye hanya, tana kallon ƙasa. Hanyar dawowa ta fi tsawo, kamar kullum. Daji ya yi ta raguwa, sama ta yi ta buɗewa, har muka sauko daga dutsen Ngaundere zafin gida ya tare mu. Wannan karon baƙar jakar a rufe ta zo, shi kuma yana ta kallon taga.

Mun kusa mako da dawowa, ina tsakar gida ina yi wa ƙaramarmu kitso, ya dawo daga kotu tun kafin lokacin tashi. Ya tsaya a kaina. Na ɗago, na ga gilashin a hannunsa.

Ya ce, "Sai ki fara haɗa kaya. An ce bayan hutun yara."

Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, yarinya ta tsere da rabin kitso. Nan take na kira Auta, na ce ta gaya wa Inna ina kan layi. Na ji takunta, na ji tana faɗa mata. Na ce me ta ce? Auta ta ce ta dai tashi tana laluben bango. Can na jiyo muryar Inna daga nesa tana cewa a kira mai gyaran rufi gobe, ɗakin nan na kusa da zaure yana yoyo, ba a ajiye mutum a ciki haka.

Na tafi Duwala ina neman soyayyar da ake faɗa da baki a bakin ruwa, na dawo da sanin wadda ba ta ko kiran suna. Na kuma ga amfanin a mayar da babba aji. Alƙalan nan ba mugaye ba ne, masu ilimi ne, amma da ba su yarda sun zauna a kujerar ɗalibi ba, da wata uwa a wata kotu za ta yi shiru irin na Inna a rubuta cewa ɗanta ba nata ba ne. Yanzu maigidana ne zai riƙa koya musu yadda ake tambaya, da safe yana Bonanjo, da la'asar yana tsugune a tsakar gidan New Bell yana gaishe da matar da za ta juya masa fuska ta ce a miƙa wa yaron nan tuwo.